Maganar da Na Sa wa Bature a Baki

Shekara shida na yi ina magana da bakin wani Bature ɗan Ingila, shi kuwa bai ma san an haife ni ba.

A lokacin ina Kano, ina aiki a wani ɗan situdiyo da ke saman shagon gyaran wayoyi, inda muke juya finafinan ƙasashen waje zuwa Hausa. Fassara muke kiran sana'ar, amma tsakani da Allah ba fassara ba ce. Mu huɗu ne, kuma babu wanda Turancinsa ya wuce na gaisuwa da tambayar hanya. Sai a kunna fim, a rage sauti, mu zuba wa fuskoki ido, mu tsinci labarin daga kallo da motsin hannu, sannan kowa ya ɗauki mutuminsa ya sa masa magana. Doka ɗaya mai situdiyon ya kafa mana, kuma ba ya ɗaga ƙafa a kanta: ba a barin shiru. Da zarar fim ya yi tsit na ɗan lokaci, mai kallo zai ɗauka faifan ne ya lalace, ya dawo da shi shago yana masifa. Saboda haka ko tafiya kawai mutum yake yi, ko taga yake leƙawa, sai an nemo masa abin faɗa.

Ni aka ba wa Baturen nan, don tun ina saurayi muryata a shaƙe take kamar ta dattijo mai mura. Dogo ne, siriri, da dogon hanci da manyan kunnuwa. Ba jarumi ba ne. Ban taɓa ganin ya auri yarinyar fim ba, ban taɓa ganin ya mari kowa ba. Shi ne mai buɗe ƙofa, shi ne mai riƙe tiren shayi, direban attajiri, magatakardan kotu, likitan da zai fito daga ɗaki ya girgiza kai. Ya furta kalma uku ko huɗu, ya ja baya ya tsaya ƙiƙam a bayan manya. To a tsarinmu, wanda ya fi kowa tsayuwa shiru shi ke fin kowa samun magana. Duk sanda kyamara ta gifta ta kansa sai in sa shi mita: shayin gidan nan ruwa ne zalla, maigida marowaci ne, uwargida ta cika kwalliya ga tsufa ya zo, ƙafata ciwo take. Leɓensa ba ya motsi, amma wa ya damu? Muka ce ai zancen zuci yake yi. Kafin mu ankara ya fi jaruman farin jini. 'Yan kallo suka raɗa masa Tsoho Mai Mita, masu shago kuwa kafin su karɓi sabon faifai sai sun tambaya, "Akwai Tsoho a ciki?" In babu, su yatsine fuska.

Na ji daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Ina isa majalisa za a ce, "Yi mana Tsoho." In ƙara shaƙe murya in yi, a fashe da dariya, a sayo mini shayi. Ni da ko hotona bai taɓa fita a bangon faifai ba, sai ga shi ana nuna ni da baki a layi.

Akwai fim ɗaya da ya fi sauran tashe. A ƙarshensa an binne wani saurayi, ɗan masu gida, kowa ya watse, aka bar Tsoho shi kaɗai a bakin kabari da hula a hannu. Kyamara ta tsaya a fuskarsa ta ƙi gusawa. Wajen minti biyu ba kiɗa, ba magana. Mai situdiyo ya dafe kai ya ce, "Wannan ramin wa zai cike mana shi?" Na ce a ba ni makirufo. Na sa Tsoho yana ƙorafin cewa takalmin aro ya matse masa yatsu, an yi jana'iza sukutum ba a raba ko ƙosai ba, kuma shi fa in ba a kawo mota ba babu inda za shi. Da haɓarsa ta ɗan yi rawa, na ce yunwa ce. Kano ta yi dariya har da riƙe ciki. Shekara ta zagayo ana ta maimaita zancen ƙosan nan a gidajen biki.

Daga baya kasuwar faifai ta mutu, kowa ya koma kallo a waya, situdiyonmu ya zama shagon sayar da caja. Wani Alhaji ɗan unguwarmu, mai kamfanin kago a Dubai, ya yi mini biza, na zo na kama aiki a sitonsa da ke Al Quoz. Aikina in karɓi kayan 'yan kasuwarmu, in auna, in rubuta suna da gari a jikin kwali, in tsaya a kai har a loda kwantena. Kwana kuwa a Al Nahda, mu shida a filat ɗaya, kullum sai na ci awa da wani abu a hanyar zuwa, haka ma dawowa. A nan Turanci ya shige ni ba da shirina ba. Direbobi 'yan Pakistan, akawu 'yar Filifin, takardun kwastan, kowa da irin nasa, ko ka koya ko kayanka su kwana a ƙasa.

Wata safiya a cikin bas, a shekarata ta huɗu a nan, kewar gida ta sa na nemi fim ɗin kabarin a waya. Namu na Hausa na so gani, in ji tsohuwar muryata in yi dariya, sai na asali ya fito. Na ce bari dai in gani. Na sa abin kunne na bi shi tun daga farko, ina jin abin da mutanen suke faɗa da bakinsu.

Ashe saurayin da aka binne ɗan Tsoho ne. Ɗan cikinsa. Masu gida ba su haihu ba, suka karɓi jaririn baransu suka raine shi a matsayin nasu, da sharaɗin uban ba zai taɓa buɗe baki ba. Shekara da shekaru yana miƙa wa ɗansa shayi yana ce masa ranka ya daɗe. An faɗi wannan a fim ɗin ƙarara, a wata hira da mu muka mayar da ita rigima a kan ɓatan agogo. Sai aka zo wurin kabarin. Minti biyun nan da muka kira rami, babu abin da babu a cikinsu. Mutum ne yake son ya ce "ɗana" sau ɗaya a duniya, ga shi babu kowa a wurin, amma bakin ya saba da rufuwa ya ƙi buɗuwa. Haɓar ta yi rawa sau ɗaya. Ita ce na ce yunwa ce.

Na wuce tashata ban sani ba. Da na sauka sai da na tako a ƙasa cikin rana na dawo baya, ina zagin kaina a fili har wani ɗan Bangaladash ya kauce mini.

Tun daga ranar na kasa rabuwa da mutumin nan. Na shiga bin tarihinsa a waya, a bas, a lokacin cin abinci, a layin wanka. Ɗan leburan tashar jiragen ruwa ne, a wani gari mai sanyi can arewacin ƙasarsu. Ya fara da wasan daɓe, da rana ya share dandamali, da yamma ya fito a matsayin ɗan aike. Ya shiga talabijin, ya shiga finafinai, ya tsufa a cikinsu, sunansa kullum can ƙasa, inda masu kallo sun riga sun tashi kafin ya iso. Waɗanda suka fara tare wasu sun zama manya ana ba su lambobin yabo, shi yana nan yana buɗe musu ƙofa. Ranar hutuna sai in hau abra, ƙaramin kwale-kwalen fasinja, in tsallaka ruwa zuwa Bur Dubai, akwai wani tsohon shago bayan kasuwar yadi da har yanzu ake samun faifai jibge a kwali. In tsuguna in yi ta tono, ina duba bayan kowane ɗaya ko zan ga sunansa. Na sake kallon duk waɗanda muka juya, ina neman inda na ƙara yi masa ɓarna. Akwai, da yawa ma. Likitan da na sa yana tunanin tuwo, ashe fitowa ya yi ya gaya wa mace mijinta ya cika. Amma babu wanda ya kai na kabarin.

Sai kuma na ci karo da wata hira da aka yi da shi bayan ya manyanta, a wani ƙaramin shiri da ko masu kallon kirki ba shi da su. Aka tambaye shi wane aiki yake alfahari da shi. Bai yi dogon tunani ba, ya ambaci tsayuwar nan ta bakin kabari. Ya nuna cewa a duk rayuwarsa ta wasa, nan ne kaɗai aka yarda da fuskarsa, aka bar shi ya yi shiru ba a yanke ba. Na kashe wayar na kifa ta a cinya. Abu ɗaya tilo da bawan Allah ya mallaka, shi na ɗauka na mayar zancen ƙosai.

Mu kuwa an raine mu a kan cewa laifin da ke tsakaninka da Allah tuba ke wanke shi, amma wanda ke tsakaninka da mutum sai ka je ka same shi ya yafe da bakinsa. Ba a yi a zuci, ba a ba da saƙo. Na ga mahaifina, ana gobe za a yi masa aiki a asibiti, ya bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya yana neman yafiya, har wurin mai wankin da suka taɓa sa-in-sa shekarun baya. To ni ina zan ga Bature? Sau uku ina rubuta wa ofishin da ke kula da harkokinsa, ko tari ba su yi ba. Abin ya zauna mini a ƙirji. Ina cikin auna kwali sai in tsaya in rasa lambar da na karanta yanzu-yanzu.

Abokan zamana a filat duk 'yan Kano ne, uku daga cikinsu da faifanmu suka girma. In an dafa shinkafa da wake an zauna, sai wani ya ce, "Malam, yi mana Tsoho mana." Da ina yi. Yanzu sai in ce maƙogwarona ke ciwo, in ɗauki kwanona in koma baranda. Suka ce Dubai ta sa mini girman kai. Na bar su a haka, don in na faɗi gaskiya dariyar za ta fi yawa.

Alhaji kaɗai na gaya wa, wata rana muna cin abinci a ofis. Ya ajiye cokali ya dube ni.

"Haƙƙin wa?"

"Na Baturen nan, Alhaji."

"Tsoho Mai Mita?" Ya fashe da dariya har yana tari. "Kai, wallahi kana da aiki. Mutumin da ya ci ya ƙoshi a ƙasarsu, shi za ka bi da neman gafara? Ai ni ma na kalla, na yi dariya. Sai mu ɗunguma duk Kano mu je Ingila mu durƙusa ke nan. Khalas, ka manta, ci abincinka."

"Ku dariya kuka yi, Alhaji. Ni na yi ƙaryar."

"To Allah ya kyauta. Yalla, kwantena biyu gare mu yau."

Haka na zauna da abin fiye da shekara. Sai wata Asabar, ina duba wani shafin masu son tsofaffin finafinai da na saba leƙawa, na ga an ce Tsoho yana Dubai, an kawo shi wani wasan talabijin, kwana kaɗan zai yi. Na miƙe tsaye a tsakiyar sito. Duk wanda ya san Al Quoz ya san da yawa daga manyan sito-siton nan an mayar da su wuraren ɗaukar fim da talla, kuma daga waje ba ka bambanta su da na taya ko na shinkafa. Ke nan mutumin yana iya kasancewa a bayan katangar da nake jingina da ita.

Kwana uku ban zauna ba. Hutun azahar da ake ba mu, ina idar da salla sai in fita in bi layi-layi ina leƙen ƙofofi. Lokacin zafi ne, irin wanda kwalta ke kama takalmi. Na shiga wurin masu gyaran mota, na shiga wurin kafintoci, na shiga wani da na hango fitilu a ciki, ashe hoton kujeru ake ɗauka. Masu gadi suna ganina da rigar aiki sai su ce, "Delivery?" In ce a'a, wani tsoho nake nema, dogo, mai kunne. Su dube ni, su dubi juna. Ina tafe ina shirya abin da zan ce masa da Turanci, in ɗora, in rushe, in sake. Ranar farko na dawo a makare, na rubuta Kano a kwalin da Damagaram za shi. Rana ta biyu na bar wata Hajiya tsaye da kayanta, ta kira Alhaji ta wanke shi tas, shi ma ya juyo ya wanke ni. Ban ji zafi ba, hankalina ba ya wurin. Abin da nake ta juyawa shi ne, mutumin nan ya tsufa tukuf, in ya hau jirgi ya koma, shi ke nan, sai dai a lahira.

Rana ta uku na gano wurin, layi huɗu kacal daga sitonmu. Manyan motoci biyu a ƙofa, wayoyin lantarki shimfiɗe a ƙasa, janareta na ruri. Mai gadi ya ce ba shiga sai da kati. Na ce zan jira. Ya ce, "Habibi, rana za ta kashe ka." Na ce ba komai. Na raɓe a inuwar mota da leda a hannu, a ciki akwai hula ɗinkin hannu da na zo da ita daga gida ban taɓa sawa ba, don ba a zuwa neman yafiya hannu rabbana. Wayata tana ta ƙara, Alhaji ne, na ƙi ɗauka.

Can sai wata mata 'yar Indiya ta fito da oba-oba maƙale a kafaɗa, ta gan ni, ta tambayi mai gadi, sannan ta iso. Ita ce mai kula da shige da ficen 'yan wasa. Na yi mata bayani da Turancina na sito, ba ta gane ba, sai na kunna mata guntun namu na Hausa. Ta ga fuskar Tsoho, ta ji muryar da ke fita, ta dube ni, ta toshe baki da hannu.

"Kai ne wannan?"

Na ce ni ne.

"Minti biyar," ta ce. "Yana hutu. Kar ka ɗauki hoto, kar ka gajiyar da shi."

Cikin siton sanyi ƙalau. An gina rabin zauren otal da katako, har da matakalar da ba ta kai ko'ina ba. Can gefe, kusa da tarin akwatuna, ga shi zaune a kujerar roba. Sun sa masa jar riga mai maɓallai masu ƙyalli, irin ta mai tsaron ƙofar otal. Har yanzu ƙofa yake buɗewa. Ya rame fiye da yadda na san shi, kunnuwan ne kawai ba su canza ba, ɗaya da na'urar ji a ciki. Yana riƙe da kofin takarda da hannu biyu, don ɗayan rawa yake.

Ƙafafuna suka yi abin da suka saba, na durƙusa a gabansa. Ya zabura, ya leƙa ƙasa yana tambaya ko wani abu na yar. Matar ta ce masa tana jin gaisuwarmu ce. Ya ce don Allah in tashi, gwiwoyinsa ke masa ciwo in ya ga wani a haka. Ban tashi ba. Na miƙa masa hular da hannu biyu, ya jujjuya ta, ya yaba ɗinkin, ya ɗora a cinya.

Na ce, "Baba, daga Nijeriya nake, daga wani gari da ake kira Kano. Shekara shida ni ne muryarka a can."

Bai gane ba sai da na kunna masa. Na fara da na ban dariya, wanda yake riƙe da tire. Ya kawo wayar dab da hancinsa. Da ya ji fuskarsa tana zuba Hausa ba ƙaƙƙautawa sai ya yi wata 'yar dariya ta cikin maƙogwaro.

"Duk ni ke faɗin wannan? Ai a wurin nan ban ce komai ba."

Na yi masa bayanin dokarmu ta hana shiru. Na gaya masa sunan da aka raɗa masa, da yadda masu shago ke tambaya ko yana ciki kafin su karɓi fim. Ya sa na maimaita wannan ɗin. Ya juya ga matar ya ce, "Kin ji? Akwai garin da ake tambaya ko ina ciki." Fuskarsa ta washe, har ya gyara zama. Wallahi a nan zuciyata ta ce mini, tashi ka tafi, ka faranta wa tsoho rai, ka bar shi da wannan, me kuma kake nema? Saura ƙiris in bi ta. Amma ba don in faranta masa na sha ranar kwana uku ba.

Na ce, "Baba, akwai wani."

Yana ganin kabarin ya daina murmushi. Ya kalla har ƙarshe, muryata tana ta surutu a kan fuskarsa, a cikin siton da kowa ke magana ƙasa-ƙasa. Ban taɓa jin muryata ta yi mini muni irin na ranar ba.

"Me nake cewa?"

Na so in rage, na kasa. Na gaya masa duka, takalmin, ƙosan, motar. Har sai da na tsaya yi masa bayanin mene ne ƙosai, wake ne ake niƙawa a soya, ana raba shi sadaka in an yi rasuwa. Ka ji wauta, ina durƙushe a gaban mutum ina koya masa girki. Na gaya masa abin da na ce da haɓarsa ta yi rawa.

"Sun yi dariya?"

"Sun yi, Baba."

"Sosai?"

"Sosai."

Ya miƙo mini wayar. Sannan ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Sauran duk na bar maka, ka ma fi marubutan tunawa da ni. Amma da ka bar mini wannan ɗin."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce masa abin da ya kawo ni ke nan. Ban sani ba a lokacin, ba na jin Turanci, amma rashin sanina bai mayar masa da abinsa ba. Na ce a wurinmu in ka cuci mutum sai ka zo gabansa ya yafe maka, in ba haka ba abin yana wuyanka har ranar da za a binne ka. Na ce, "Ka yafe mini."

Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Ya ce kar in damu, abu ne da ya daɗe, ba komai. Irin maganar da Bature ke yi in ka taka masa ƙafa a jirgin ƙasa. Na san ta, kullum ina jin ta, ana faɗinta ko an ji haushi ko ba a ji ba. Ba ita na zo nema ba. Oba-obar matar ta yi ƙara, ta ce saura minti ɗaya, mai kwalliya ta zo tana goge masa goshi. Hankalina ya tashi. Duk wahalar nan, ga shi za a ɗauke shi ban samu abin da zan riƙe ba.

Na ce, "Baba, don Allah ka faɗa da harshenmu. Kalma uku ce. Na yafe maka."

Sai na ga mutumin ya canza. Ya miƙa wa matar kofin, ya miƙe bayansa, rawar hannun ma ta tsaya. Ya ce in sake faɗa. Ya zuba wa leɓena ido. Ya ce in ƙara sau ɗaya, a hankali. Ya motsa baki ba sauti, ya rufe ido, ya buɗe, ya dube ni tsakiyar ido.

"Na yafe maka."

Tsaf, babu gargada, kamar haifaffen cikin badala. Har shaƙewar muryata ya ɗauko. Idona ya ciko, na buɗe baki zan yi godiya.

"Ya yi?" ya tambaya da Turanci. "Ko in ƙara maka wani mai ɗan sanyi? Ina ganin na yi sauri."

Bai jira amsata ba. Ya sunkuyar da kai, ya ɗago, ya sake faɗa, wannan karon da rauni, murya na karyewa. Sannan ya yi na uku da ɗan murmushi. Ya ce in zaɓi wanda ya fi. Ba ba'a yake mini ba, na rantse. Aiki aka ba shi, ya yi shi da kyau kamar yadda ya saba yi duk tsawon rayuwarsa. Aka kira shi, ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya taka a hankali ya je ya tsaya a bakin ƙofar katakon nan, ya haɗa hannu a baya. Wani ya daka tsawa a yi shiru. Matar ta yi mini nuni da hanyar waje.

Zafi ya buge ni a fuska. Na tsaya a bakin titi na rasa ta ina zan bi, alhali layi huɗu ne kawai. Waya ta sake ƙara, wannan karon na ɗauka.

"Kana ina? Direba ya fi awa yana jira!" Sai kuma muryar Alhaji ta sauko. "Ka same shi?"

"Na same shi, Alhaji."

"To alhamdu lillahi. Ya yafe?"

Wata babbar mota ta zo wucewa, na jira har ƙararta ta lafa.

"Ya faɗa, Alhaji," na ce. "Amma ni na gaya masa abin da zai faɗa."